Allon da Bai San Kara Ba

A cikin masana'antar roba ba a hira, sai ihu da nuni da hannu. Injinan da ke narka roba su ɗura ta a mazubi suna ta huci da bugu, injin niƙa tsofaffin bokitan da 'yan jari-bola ke kawowa yana ta ruri a baya, in an ɗauke wuta kuma janareta ya karɓi waƙar. Idan ƙwayar roba ta kusa ƙarewa a sito, labarin yana da hanyar da yake bi: mai sito ya gaya wa helima, helima ya gaya wa manaja in sun haɗu a masallaci, manaja ya jira ranar da zai ga fuskar Alhaji a sake. Kafin nan inji ya tsaya. Ita kuwa ƙwayar ba a Ƙofar Wambai ake auno ta ba. Daga Eleme ta kusa da Fatakwal take zuwa, ko daga tashar jiragen ruwa ta Legas, buhu-buhu mai kilo 25, sai tirela ta ci hanyar kusan kilomita 1,000 kafin ta shigo Sharaɗa.

Ni sana'ata gyaran kwamfuta ce da ja wa ofisoshi wayar intanet. Amma a katin da na buga an rubuta mashawarci kan fasahar zamani, kuma mai irin wannan kati bai kamata ya tsufa yana zaro takarda daga cikin firinta ba. Firintar ce ma ta kai ni kamfanin. Ina durƙushe ina fama da ita na ji manaja yana rantsuwa ta waya cewa wallahi ba wanda ya gaya masa roba ta ƙare. Nan take na ga matsalar, na kuma ga maganinta, wato ni.

Na shirya wa Alhaji jawabi na musamman. Na fara masa da Sakichi Toyoda, mutumin Japan da ya ƙera injin saƙa a 1924 wanda ke tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibu. Na san zancen zare zai shige shi, domin a Kantin Kwari ya tashi yana yaron shago. Na gaya masa yadda gidan Toyoda ya koma ƙera mota, da yadda a masana'antar Toyota suka rataya wani allo mai fitilu da suke kira andon, ma'aikaci in ya ga matsala ya ja igiya, allo ya nuna wurin, shugaban sashe ya rugo a guje. Na ce ni nawa allon ya fi nasu, don ba ya buƙatar kowa ya ja igiya, kwamfuta ce za ta gani ta faɗa. Alhaji yana saurare yana jan carbi. Da na kawo inda kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi haƙƙin ƙera injin nan a 1929 kan fam 100,000, sai carbin ya tsaya.

"To kai nawa za ka ci, Injiniya?"

Ba wanda ya taɓa kirana Injiniya kafin ranar, in ban da wata gwaggona da ke kiran duk mai ɗaukar jakar kwamfuta haka. Daɗin sunan ya sa na rage wa kaina kuɗin aiki tun kafin a taya. Ya ba ni rabi, ya ce sauran sai ya ga abin yana magana.

Kada a ɗauka Alhaji mutum ne mai saurin ruɗuwa da turanci. Tsoron tsayuwar inji ne ya sa ya saurare ni, kuma tsoron yana da asali. Ya ga Bompai tana raye, unguwar masana'antun da aka kafa tun zamanin Turawa, lokacin da ake matse gyaɗa ana saƙa yadi ana busa ƙahon tashi daga aiki titi ya cika da kekuna. Ya ga Sharaɗa da Chalawa sun taso bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 kuɗin mai ya shigo. Sannan ya ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, wuta ta yi wuya, masaƙu sun rufe ɗaya bayan ɗaya, gine-ginensu sun koma ma'ajiyar kayan da ake shigowa da su daga Sin. Ginin da yake ciki ma na wani kamfani ne da ya mutu. Ga shi a watan Afrilun 2024 an mayar da kuɗin wutar layin da ake kira Band A naira 225 kowane yunit. Injin roba kuwa sai tukunyarsa ta haura digiri 200 kafin ya fara aiki, in ya huce sai an sake biyan kuɗin dafa shi daga farko.

Yadda abin yake aiki ba wani tsafi ba ne, ko da yake ban taɓa gaya wa Alhaji haka ba. Kamfanin yana da manhajar lissafi da ke ajiye komai a rumbun bayanai: kowane kaya da layinsa, abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ya saya, abin da ya biya. Nawa aikin shi ne in rubuta 'yar ƙaramar manhaja da za ta riƙa leƙa rumbun kowane minti tana yi masa tambaya da SQL, yaren da irin waɗannan rumbuna ke ji tun shekarun 1970: akwai kayan da ya gaza iyakar da aka sa masa? In rumbu ya ce akwai, ta haɗa saƙo ta tura shi ta waya zuwa allo. Kowane allo yana da lambarsa, don saƙon sito kada ya ɓata ya tafi ofis. A riƙe mini maganar lambar nan.

Allunan irin na shagunan magani ne da gidajen mai, masu jan rubutu yana gudu daga dama zuwa hagu. Ana haɗa su da fale-falen da 'yan kasuwa ke kira P10, kowanne da ɗigon fitila 32 a kwance, 16 a tsaye. Wani abokina mai zuwa Guanzu ya sako mini su cikin kayansa. Da na jona na farko sai ya yi mini maraba da rubutun Sinanci, na ce ba komai, baƙo ne, zai koya. Na aika masa da jimlar gwaji: roba ta kusa ƙarewa. Ya rubuta "roba ta kusa" lafiya lau, yana zuwa kan ƙ sai ya tuna gida.

Katin da ke cikin allon haruffan ASCII ya sani, jerin alamomi 128 da Amurkawa suka tsara a 1963, sai kuma na Sinanci dubbai. Su ɓ da ɗ da ƙ, da suka shigo rubutun boko tun shekarun 1930, bai taɓa jin labarinsu ba. Kwamfuta tana aika kowannensu gutsure biyu, shi kuma allon ya haɗa gutsuren ya fito da harafin Sinanci a tsakiyar kalma. Mai son zaman lafiya zai cire lanƙwasar ya rubuta da k da d, yadda kowa ke yi a waya. To ni na yi shekaru ina yi wa mutane faɗa a Facebook kan wannan ɗabi'a, har wasu sun daina rubutu a ƙarƙashin shafina don tsoro. Ba zan zo in rataya abin da nake zagi a saman kan jama'a da jan lantarki ba.

Sai na ce zan nemo kalmomin da ba su da lanƙwasa. Ya ƙare, akwai. Saura kaɗan, akwai. Ya yi ƙasa, ya yi ƙaranci, a ƙaro, a ɗauko, duk akwai. Ko sunan unguwar da kamfanin yake allon ba zai iya rubutawa ba. Wajen tsakar dare na tsira da kalma guda mai tsafta, gajeriya, wadda ake hangowa daga nesa: BABU. Sai can bayan komai ya dagule uwargida ta tambaye ni, tana tsince shinkafa ba ta ko ɗago kai ba, me ya hana ni rubuta "ya ragu".

Ranar ƙaddamarwa Alhaji ya gayyato abokansa. Ni kuma tun da safe na tara ma'aikata na kafa musu doka irin ta Toyota: da zarar allo ya yi ja, a tsayar da inji, kada a jira umarnin kowa. Helima ya ce, "Oga, ko da Alhaji yana nan?" Na ce musamman ma in yana nan. Na sa shadda mai ruwan toka, na tsaya inda mai ɗaukar hoto zai same ni tare da allon, na danna.

BABU ROBA.

Ma'aikatan nan, Allah Ya yi musu albarka, ba su taɓa bin doka da sauri irin na ranar ba. Injina suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har aka ji kukan akuya daga wajen katanga, abin da aka ce ba a taɓa ji ba tun da aka buɗe kamfanin. A bayan baƙin kuwa ƙofar sito a buɗe take, buhunan roba jibge har rufi. Wani abokin Alhaji ya dubi allo, ya waiwaya ya dubi sito, ya ce, "Alhaji, to waɗancan na ajiya ne?"

Na shiga sito na samu Baba mai sito zaune kan benci da littafinsa mai baƙin bango. Dattijo ne da ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai kafin a haife ni. Na ce, "Baba, kwamfuta ta ce babu roba." Ya ce, "Ɗana, ita kwamfutar ta taɓa shigowa nan ta ƙirga?" Ashe kayan da ke fita daga sito kullum ake shigar da su, don Alhaji yana bin su saboda sata. Kayan da ke shigowa kuwa yaron akawu ba ya shigar da su sai takardar mai kaya ta iso daga Legas, takardar kuma tana iya zuwa bayan an narka robar an sayar da butocin an yi alwala da su a Maraɗi. A lissafin rumbu, kamfanin ya daɗe yana narka robar da bai taɓa saya ba, adadin ya wuce sifili ya gangara ƙasa. Ba wanda ya damu, don ba wanda ke tambayar rumbu. Kowa Baba yake tambaya. Ina so a lura cewa manhajata ba ta yi ƙarya ba. An tambaye ta abin da ke rubuce, ta faɗi abin da ke rubuce.

Muka gyara wannan, muka gyara na awo, don wani yana shigar da roba da kilo, wani da buhu, manaja kuma da tan yake tunani, buta ana ƙirga ta da ɗaiɗai a inji, da dozin a sito, da ɗauri a mota. Da aka daidaita, allo ya yi aiki. Ya ce babu jan launi, aka duba saura kaɗan, aka yi oda a kan lokaci. Alhaji ya dafa kafaɗata a gaban manaja.

Dafa kafaɗar nan ce ta jawo sauran. Na koma gida na zauna ina tunanin me kuma allo zai iya faɗa. Man janareta. Ledar ɗauri. Injin da bai cika adadin awa ba. Wanda ya makara. Motar da ta daɗe a bakin ƙofa. Ruwan tanki. Kowace dabara ta zo mini sai in rubuta mata tambaya, har allon ya zama ba ya hutawa, ja a kan ja tun safe har dare. Na kuma sa masa ƙararrawa. Kafin sati ya zagayo wani ya cusa wa ƙararrawar tsumma. Ma'aikata suka daina ɗaga kai, sai dai 'yan aikin dare sun gano cewa haskensa ya isa a ci tuwo a ƙarƙashinsa.

Wannan ciwo sananne ne a wajen masu sana'ar, kuma manya sun kamu da shi kafin ni. A matatar mai ta Milford Haven da ke yankin Wales na Birtaniya, a watan Yulin 1994, ma'aikata biyu sun fuskanci gargaɗi 275 a cikin minti 11 na ƙarshe kafin wurin ya fashe, mutum 26 suka jikkata. Bayan haka ƙungiyar injiniyoyi ta EEMUA ta fitar da jagora a 1999 tana cewa a lokacin aiki na yau da kullum kada gargaɗi ya wuce ɗaya a minti 10, don abin da ɗan Adam zai iya karantawa ya yi aiki da shi ke nan. Na karanta wa Baba mai sito wannan don ya san matsalata ta ƙasa da ƙasa ce. Ya ce shi a masaƙarsu fitila ɗaya ce, kuma in ta kama har mai shayin bakin ƙofa sai ya miƙe.

Na rage tambayoyin. Na kuma ƙara wani abu don kwantar da hankalin jama'a: in ba matsala, allo ya rubuta LAFIYA LAU da kore. Kowa ya so wannan. Sai ga Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, har da na Shiroro zuwa Kaduna, Kano ta kwana fiye da mako guda cikin duhu. Kamfanin ya koma janareta ɗungurungum, manaja ya bi ofisoshi yana kashe duk abin da ba ya narka roba, har da kwamfutar da manhajata ke ciki. Allon kuwa a layin injina yake, kuma irinsu suna riƙe saƙon ƙarshe da aka aiko musu su yi ta maimaitawa har sai an aiko wani. Roba ta ragu, ta ƙare ƙarƙaf, injina suka tsaya, Alhaji ya fito yana faɗa, a saman kansa an rubuta LAFIYA LAU da kore shar.

Nan ma ina da abokan tarayya masu daraja. Ranar 14 ga Agustan 2003, manhajar gargaɗi ta wani ɗakin kula da wutar lantarki a jihar Ohio ta Amurka ta daskare ba tare da ta ce uffan ba, ma'aikata suka ɗauki shirun a matsayin lafiya fiye da awa guda, daga ƙarshe wuta ta ɗauke wa mutum kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada. Maganinsa ɗan ƙarami ne: a sa saƙo ya zo da lokacin da aka aiko shi, in ya tsufa allo ya ce shi ma bai sani ba. Na rubuta wannan a jerin abubuwan da zan yi. Abin da na yi a zahiri shi ne na sa wa allunan batir da farantin sola, na sa mai walda ya yi wa kowanne keji na ƙarfe da kwaɗo, na miƙa wa Alhaji makullan da hannu biyu, na ce daga yau ba mai iya kashe su.

A lokacin alluna uku ne: na wajen injina, na wajen lodi da ke nuna wa direbobi motar da ke kan layi, da wani ƙarami a ofishin Alhaji, lamba 1. Shi wannan Alhaji ne ya nema da kansa. Ya ce yana so ya riƙa ganin sunan duk dilan da bashinsa ya wuce kwana 90, shi kaɗai, a bangon da ke fuskantar kujerarsa.

Wanda bai san kasuwancin Kano ba zai ce ai bashi bashi ne. A nan kusan duk kayan da ke fita daga kamfani zuwa Ƙofar Wambai ko Sabon Gari ko Maraɗi ko Damagaram a kan amana suke fita: ɗauki, sayar, kawo. Wani dilan, ubansa ne ya fara ba Alhaji kaya bashi a Kwari. Wani kuɗinsa ya maƙale ne tun da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ta ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris na 2024, kayansa suka kwana a rana a bakin boda. Wani shagonsa ya ƙone. Wani kuma yana da kuɗin, taurin hannu ne kawai. Alhaji ya san kowa da dalilinsa, ya san wanda za a aika wa yaro da wanda sai dai a je gaishe shi da Juma'a a yi shiru. Rumbun bayanai yana da gurbin suna da na adadi da na kwanan wata. Ba shi da gurbin ubansa ya taɓa taimakona.

Yana da wani gurbi dai da yaron akawu ke rubuta 'yan bayanai don tunawa, na kuma sa manhaja ta haɗa da shi, don na ga zai taimaka.

Wata rana katin allon wajen lodi ya ƙone. Na sayo sabo na sa da sassafe, na kulle kejin, na aika wa Alhaji makulli ta hannun direbansa don za su tafi ta'aziyya Bichi. Kowane sabon kati daga masana'anta da lamba 1 yake zuwa.

Ranar wajen lodi a cike yake, diloli sun zo da kansu, 'yan dako suna jiran aiki, direbobi suna shan rake. Ina ofishin akanta ina jiran a yi mini maganar ragowar kuɗina sai na ji wata irin sowa. Na leƙa ta taga. Wani ɗan dako mai karatun boko ya hau kan ɗaurin bokitai yana karanta wa sauran da murya irin ta mai shela.

ALHAJI GOBE, BASHI, KWANA 140. Mai sunan yana tsaye a wurin, kuma a ranar ya san sunan da ake kiransa da shi a ofis. Na gaba: NA MARADI, BODA CE, A BAR SHI. Na gaba: YA CE YA BIYA, BAI BIYA BA. Duk kalmomin tonon asiri, na lura, ba su da lanƙwasa ko ɗaya, yaron akawu kuma ba ya sa ta inda take. Allon bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai ga wanda ya sa wurin ya yi tsit kafin ya sake ɓarkewa: SURUKIN ALHAJI, KAR A TAMBAYA. Allon nan ya zama yaron da ke fitowa zaure ya ce wa baƙo, Baba ya ce a ce ba ya nan.

Na fito a guje. Keji a kulle, makulli yana hanyar Bichi. Na ce a kashe wuta, manaja ya tuna mini da sola. Na juya na nufi ofis, na fizge wayar da ke bayan kwamfuta, na tsaya ina haki ina jin na ceci mutuncin manyan gari. Sowar da ta biyo baya ta fi ta farko. Manhaja suna ɗaya take aikawa a lokaci guda, allo kuma yana riƙe na ƙarshe. Na ƙarshen da ta aika kafin in fizge wayar shi ne na wani bawan Allah da ya ɗauki kujerun roba lokacin bikin ƙanwarsa ya ce a cire a kuɗin aikinsa, ba a kuwa rubuta haka ba.

INJINIYA, KUJERA DOZIN 4, BAI BIYA BA.

Ya wuce ta hagu, ya dawo ta dama. Dilolin da suka gama shan kunya suka samu wanda za su huce a kansa. Alhaji Gobe da kansa ya zo ya ba ni hannu, ya ce, "Sannu abokin tafiya." Maigadi, wani Buzu mai tausayi, ya hau tsani ya lulluɓe kejin da buhun roba, sai jan rubutun ya fito ta cikin farin buhu ya fi da kyau. Sai da ya sadaukar da bargonsa.

Alhaji ya dawo bayan la'asar, labari ya riga shi tun a Dawanau. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya ce in zauna, na zauna a bakin kujera.

"Injiniya, na san wanda bai biya ba. Na san ranar da zai biya. Na san wanda ba zai taɓa biya ba, na kuma yafe masa shi bai sani ba. An ce maka ina neman mai tuna mini a gaban 'yan dako?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a fannin fasaha kowane saƙo ya isa lambar da aka aika shi."

Ya dube ni tsawon lokaci, ya ce lallai ya isa. A daren nan ya ɗauki ƙaninsa da limamin unguwarsu suka tafi gidan surukinsa. Abin da aka faɗa a can ban sani ba, an dai ce an daɗe. Wani babban dila ya mayar da cinikinsa wani kamfani a Bompai, ya aiko a gaya wa Alhaji cewa can bangonsu ba ya magana. Amma abin da ba a so a faɗa da ƙarfi a ofis shi ne, cikin 'yan kwanaki kuɗi suka shigo irin wanda akanta bai taɓa gani a wata guda ba. Har mai taurin hannun nan ya aiko da nasa cif, da ƙarin tambayar ko an goge.

Labari ya kai Chalawa. Wani mai majemar fata, cikin masu jeme fatar awaki suna aikawa Italiya da Sifaniya, ya kira ni. Na fara yi masa bayanin yadda allo zai riƙa gaya masa in gishiri ko sinadarin jima ya ragu, ya katse ni, ya ce shi yana da mai sito. Wancan yake so, na bakin ƙofa, amma babba, wanda za a iya karantawa daga titin Panshekara. Na ce ai wancan ba da niyya aka yi ba. Ya ce shi da niyya yake so.

Allunan Sharaɗa na nan. Na wajen injina tambaya biyu kacal yake yi yanzu, roba da man janareta, kuma in ya yi ja helima sai ya aika a tambayi Baba tukuna. Na wajen lodi lokutan salla yake nunawa. Na ofis Alhaji ya sa an juya fuskarsa bango.

Kuɗin kujeru an cire, an kuma shigar a rumbu a gabana. Ragowar kuɗin aikina kuwa har yau ana duba yanayin kasuwa. Da na je tuni na baya-bayan nan, akantan, wani Bazazzagi da ba ya barin Bakano ya wuce lafiya, ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa ya nuna mini layina a jerin waɗanda ke bin kamfani, ya ƙirga da yatsa ya ce ai na haura kwana 90 tuni. Ya ce in ina so in rubuta wa allon bakin ƙofa tambaya ɗaya tak a kan wannan jeri, shi zai riƙe mini tsani.